Kanbasbak, Agwagwar Nutso ta Arewacin Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗalibai masu karatun namun daji, da masu sha'awar tsuntsayen ruwa, da 'yan uwanmu mazauna Amurka da Kanada da kan ci karo da garken agwagin nan a bakin ruwa lokacin sanyi, kusan tambayoyinsu iri ɗaya ne. Ga su nan an tattara, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi.

Wace irin tsuntsuwa ce kanbasbak?

Agwagwar daji ce da ke rayuwa a Kanada da Amurka da wani yanki na Meziko. Turawa na rubuta sunanta Canvasback, saboda farin gadon bayan toron mai siraran zane ya yi musu kama da yadin da ake ɗinka tanti. Sunanta na kimiyya Aythya valisineria, kuma a 1814 aka fara bayyana ta a kimiyyance cikin aikin masanin tsuntsaye Alexander Wilson. Ita ce mafi girma a danginta na Aythya a nahiyar Arewacin Amurka: tsawonta santimita 48 zuwa 56, buɗin fukafukanta kusan santimita 80 zuwa 90, nauyinta kuwa daga ƙasa da kilo ɗaya kaɗan zuwa wajen kilo ɗaya da rabi.

Toron ba ya ɓuya. Kai da wuya ja ne mai duhu, ƙirji da gindi baƙi wuluk, baya da haƙarƙari fari tas, ido ja jawur. Macen ba ta da wannan ado: kanta ruwan ƙasa ne mai haske, jikinta toka-toka, daidai da wadda za ta shafe makonni a ɓoye cikin ciyawa.

Me ake nufi da agwagwar nutso? Ba duk agwagwa ke shiga ruwa ba?

Duk suna shiga, amma ba duka ke sauka ƙasa ba. Yawancin agwagin da aka fi sani a saman ruwa suke kiwo, ko su tsoma kai su ɗaga wutsiya sama su lalubo abin da wuyansu ya kai. Masu nutso kuwa gaba ɗaya suke ɓacewa, su je har ƙasan tafki su tono abinci.

Wannan ya sauya ginin jikinsu. Ƙafafunsu sun ja baya kusa da wutsiya, tafin ya fi faɗi, shi ya sa suke da ƙarfin tunkuɗa ruwa amma tafiyar ƙasa ke ba su wuya. Jikinsu ya yi nauyi idan aka kwatanta da girman fukafukansu, don haka kanbasbak ba ta iya zabura ta tashi tsaye daga ruwa. Sai ta yi gudu a kan fuskar ruwan, tana dukansa da ƙafafu, fukafukai na kaɗawa, kafin iska ta ɗauke ta. Abin da ya sa ke nan ta fi son buɗaɗɗen ruwa mai fili, kuma da wuya a gan ta tana yawo a gona ko a tudu.

Ta yaya zan bambanta ta da agwagwa mai jan kai da suke yawo tare?

Wannan ita ce tambayar da ta fi rikita sababbin masu kallo. Akwai 'yar uwarta Aythya americana, wadda Turawa ke kira Redhead, mu ce mata jan-kai, ita ma toronta kai ja ne, ƙirji baƙi. Kar ka tsaya kan launi, dubi siffar kai. Goshin kanbasbak ya gangaro a miƙe daga tsakar ka har ƙarshen baki ba tare da lanƙwasa ba, bakin kuma dogo ne baƙi. Kan jan-kai a dunƙule yake, goshinta ya tashi tsaye, bakinta shuɗi-shuɗi ne mai baƙin tsini, idon toron rawaya ne, bayansa kuma toka ne sosai. Ko daga nesa, ko da hantsi ya dallare ido launi ya ɓace, gangaren goshin nan na nan. Shi ne ma ke raba matan biyu, waɗanda launinsu ya yi kusa. Dangantakar agwagin biyu ta wuce kama kawai. Duba tambayar da ke magana kan ƙwan aro.

Me take ci?

Wanda ya fahimci abincinta ya fahimci rabin tarihinta. Abin da ta fi ƙauna shi ne wata ciyawar ƙarƙashin ruwa mai dogon ganye kamar zare, Vallisneria americana, wadda daga gare ta aka samo rabin sunan tsuntsuwar na kimiyya. Ganyen bai dame ta ba. Abin da take nema yana binne cikin laka: saiwa da 'yan curin da ciyawar ke tara abinci a ciki kafin sanyi. Haka take yi wa wata ciyawar, Stuckenia pectinata, mai 'yan ƙwayoyi a ƙasa kamar aya. Dogon bakin nan da wuya mai ƙarfi aikinsu ke nan, tona laka.

Lokacin haihuwa sai lissafi ya sauya. Mace mai shirin saka ƙwai da 'ya'yan da ke tasowa suna buƙatar abinci mai gina jiki, sai su koma kan dodon koɗi da tsutsotsin ƙwari na ruwa. A wuraren da ciyawar ta ƙare kuma, ta koyi cin ƙananan halittun nan masu ɓawo biyu irin kumba, kamar yadda bayani zai zo a tambayar mashigin tekun Chesapeake.

Akwai abin dariya a wurin kiwonta. Wata agwagwar saman ruwa, Mareca americana, ba ta iya nutso sosai amma tana son ciyawar nan. Sai ta yi ta shawagi kusa da garken, da kanbasbak ta ɓullo da ciyawa a baki, ta fizge ta yi gaba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Zurfin nawa take kaiwa, kuma tana daɗewa a ƙasa?

Ba ta daɗewa. Yawancin nutsonta daƙiƙa 10 zuwa 20 ne, a ruwan da bai fi mita ɗaya ko biyu ba, ko da yake tana iya wuce haka in ta kama. Kafin ta nutsa takan matse gashinta ta fitar da iskar da ke ciki, ta ɗan yi tsalle gaba, ta shige da ka. A ƙasa da ƙafafu take tuƙi, fukafukai a naɗe. Dalilin da ya sa ba ta neman zurfi mai sauƙi ne: ciyawar da take ci sai inda hasken rana ke kaiwa ƙasa take fitowa. Ruwa ya gurɓace, haske ya yanke, ciyawa ta mutu, agwagwa ta tashi.

A ina take haihuwa?

Cibiyar haihuwarta wani makeken fili ne a tsakiyar nahiyar, wanda ya haɗa kudancin lardunan Alberta da Saskatchewan da Manitoba a Kanada, da jihohin Dakota ta Arewa da ta Kudu, da sassan Montana da Minnesota da Iowa a Amurka. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 700,000. Kimanin shekara 10,000 da suka wuce tulin ƙanƙarar da ya lulluɓe wurin ya narke ya ja baya, ya bar ƙasar cike da ramuka, miliyoyinsu. Duk bazara dusar ƙanƙara kan narke ta cika su, su zama kududdufai da 'yan tafkuna. Kusan rabin agwagin da ake ƙyanƙyashewa a nahiyar daga nan suke fitowa.

Kanbasbak kan yi kiwo a tafkuna masu ɗan zurfi da ba sa ƙafewa da wuri, amma sau da yawa a ƙaramin kududdufi mai ciyawa take sheƙa. Wasu kan wuce arewa har Alaska da yankin Yukon, musamman a shekarar da fari ya busar da kudu. Mafi yawan abin da aka sani game da haihuwarta daga Manitoba ya fito, daga fadamar Delta inda H. Albert Hochbaum ya yi nazarinta har ya fitar da littafi a kanta a 1944, da kuma kewayen garin Minnedosa.

Yaya sheƙarta take, ƙwai nawa take yi?

A kan ruwa take gini. Macen kan shiga cikin duhuwar kacalla, dangin wadda ta addabi manoma da masunta a fadamun Hadejiya da Nguru, ko cikin wasu dogayen ciyayin fadama, ta tattaro busassun karare ta jibga su har su zama dandamali mai yawo a kan ruwa, a maƙale da ciyawar da ke tsaye. Sai ta shimfiɗe cikin da lallausan gashin ƙirjinta. In ruwa ya ƙaru tana kwanci, takan ƙara kara a ƙarƙashin ƙwan don ta ɗaga su.

Takan saka ƙwai 5 zuwa 11, galibi bakwai zuwa tara, masu launin toka da ɗan kore-kore. Kwanci kwana 24 zuwa 29 ne, ita kaɗai. 'Ya'yan kan bar sheƙa cikin yini guda da ƙyanƙyasa, su bi ta ruwa suna neman abinci da kansu. Nata shi ne tsaro da ɗumama su. Sai sun yi kusan wata biyu ko fiye kafin su iya tashi, kuma sau da yawa uwar kan bar su kafin lokacin. Masu fasa mata ƙwai sun haɗa da hankaki da bodari da wata dabba mai suna mink, sai kuma rakun, mai hannu kamar na biri da ba ta tsoron ruwa, wadda ta bazu arewa zuwa filayen Kanada a tsakiyar ƙarni na 20 ta zame wa sheƙunan kan ruwa annoba.

Da gaske wata agwagwa na zuba mata ƙwan aro?

Da gaske ne, kuma jan-kai ce. Macen jan-kai kan bi sawun kanbasbak har ta gano sheƙarta, ta hau, ta ture mai gida ko ta kutsa gefenta, ta saka nata ƙwan ta yi tafiyarta. A wasu wuraren da aka yi bincike, fiye da rabin sheƙunan kanbasbak an sami ƙwan jan-kai a ciki. Ɓarnar ba a rainon take ba, tunda 'ya'yan agwagwa su ke ciyar da kansu. A kokawar take: wajen turereniya ƙwan mai gida kan fashe ko su gangara ruwa, wata ma in abin ya yi yawa ta yi fushi ta bar sheƙar ɗungurungum.

Kada a yi saurin tausaya mata fiye da kima, don ita ma kanbasbak takan yi wa 'yar uwarta kanbasbak irin wannan. Wani abin mamaki da gwaji ya nuna shi ne, toron jan-kai da ya tashi a hannun kanbasbak, in ya girma yakan nemi matan kanbasbak da aure, ya ɗauka danginsa ne.

Ina toron yake duk wannan lokacin?

Neman aure kan fara ne a ƙarshen sanyi da kan hanyar komawa arewa. Toraye da yawa kan kewaye mace ɗaya, don maza sun fi mata yawa nesa ba kusa ba. Kowanne ya jefa kansa baya har ƙeya ta kusa taɓa gadon baya, ya dawo da shi gaba da wani taushin kuka. Wanda ta zaɓa shi ke bin ta, ba ita ke bin sa ba: macen kan koma yankin da aka ƙyanƙyashe ta, wani lokaci tafkin da ta yi sheƙa bara.

Da ta zauna kwanci sai ya kama gabansa. Torayen kan taru a manyan tafkuna su zubar da gashin fukafukai gaba ɗaya, su yi mako uku zuwa huɗu ba sa iya tashi. Zaman kwancin da mace ke yi a inda maƙiya ke kaiwa yana cikin dalilan da suka sa mata suka fi mutuwa. Wadda ta tsira kuwa tana iya daɗewa. Zoben da ake saka musu a ƙafa ya nuna akwai waɗanda suka haura shekara 20.

Ina take zuwa in sanyi ya shigo?

Daga Oktoba zuwa Nuwamba, kafin ruwan arewa ya daskare, sai su yi kudu. Babban zangonsu shi ne saman kogin Misisipi, tsakanin jihohin Minnesota da Wisconsin da Iowa, inda madatsun jiragen ruwa suka mayar da kogin jerin tafkuna marasa zurfi masu cike da ciyawar da suke so. Wurin gandun tsuntsaye ne tun 1924, kuma a wasu shekarun dubban ɗaruruwa kan taru a can lokaci guda. A tafkin Onalaska, ɗaya daga cikin tafkunan nan, har akan roƙi masu kwale-kwale su kauce wa wani yanki na 'yan makonni, don duk tashin da aka yi wa garken kitse ne ya ƙone wanda suke buƙata a hanya.

Daga nan hanya ta rabu. Wasu su yi gabas ta manyan tafkunan kan iyaka zuwa Chesapeake da gaɓar Carolina ta Arewa, wasu su bi kogi zuwa Louisiana, musamman tafkin Catahoula. Na yamma kuwa mashigin tekun San Francisco ne masaukinsu, wasu su zarce tafkunan tsakiyar Meziko. Tana cikin agwagi masu gudu a sama. Wani tsohon ƙiyasi da aka yi da jirgin sama ya ba ta wajen kilomita 115 a awa, amma wannan gudun ceton rai ne, ba tafiyar yau da kullum ba.

Me ya faru a Chesapeake da ake ta ambata?

Chesapeake babban mashigin teku ne tsakanin jihohin Maryland da Virginia. A shekarun 1950 kimanin kanbasbak 250,000 ke cin sanyi a can, wato wajen rabin duk waɗanda ke duniya a lokacin. Yanzu dubban gomomi ne kawai. Ruwa ba ya tsami banza. Laka daga gonaki da gine-gine, da takin zamani da ƙazantar birane da ke haifar da gansakuka, suka riƙa dusashe ruwan, ciyawar ƙasa ta yi ta ja baya. Sai guguwar Agnes ta zo a watan Yunin 1972, kogin Susquehanna ya yi ambaliya ya kwararo da tulin laka ya binne abin da ya rage a bakinsa, inda a da nan ne matattarar agwagin.

Abin lura shi ne yadda agwagi biyu suka amsa. Jan-kai, wadda ba ta yarda ta bar ciyawa ba, kusan ta ƙaurace wa wurin. Kanbasbak da suka zauna suka koma cin wata ƙaramar kumba, Macoma balthica. Sun rayu, amma ɓawo ya fi yawa a cikin abin da suke haɗiya, ba kamar curin ciyawa mai cike da kuzari ba. Sauran suka karkata wajen Misisipi da Louisiana. A shekarun baya-bayan nan ciyawar ta farfaɗo sosai a bakin Susquehanna, sai dai garken bai koma yadda yake a da ba.

Me ya sa mafarauta suka matsa mata haka?

Daɗin nama. Kanbasbak da ta yi ƙiba da saiwar ciyawar nan ita ce ake wa kallon sarauniyar agwagi a teburin attajiran Baltimore da New York a ƙarni na 19, kuɗinta ya ninka na sauran agwagi. Wadda ta ci kumba kuwa namanta ƙarni yake yi, abin da ke ƙara nuna cewa darajar a ciyawar take. 'Yan kasuwar farauta suka yi mata ca. Wasu na ɗaure wata ƙatuwar bindiga a kan ƙaramin kwale-kwale, su lallaɓa cikin dare, harbi ɗaya ya kashe gomomi. Wasu na kwanciya a cikin akwatin da ya nutse daidai fuskar ruwa, kewaye da ɗaruruwan agwagin katako da aka sassaƙa don yaudara. Garin Havre de Grace a Maryland har yau da sassaƙar agwagin nan yake alfahari.

Doka ta zo daki-daki: dokar Lacey, wadda ta hana safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba tsakanin jihohi, a 1900, yarjejeniyar kare tsuntsaye masu ƙaura tsakanin Amurka da Birtaniya a madadin Kanada a 1916, dokar aiwatar da ita a 1918 wadda ta rufe kasuwar naman, sai haramta akwatin nutso a 1935.

Yanzu nawa suka rage? Tana cikin haɗarin ƙarewa?

Ba ta cikin jerin masu haɗarin ƙarewa. Tun 1955 hukumomin namun daji na Amurka da Kanada ke ƙirga agwagi daga jirgin sama duk watan Mayu, kuma matsakaicin adadin kanbasbak ya kusa 600,000, yana hawa yana sauka. Wannan kaɗan ne ƙwarai a kan agwagin da ake ƙirgawa da miliyoyi, shi ya sa ake sa mata ido. Hawa da saukar na bin ruwan kududdufai ne: shekarar ruwa su ƙaru, shekarar fari mata da yawa ko sheƙa ba sa yi. Farin shekarun 1930 da na 1980 duk sun ba ta kashi.

Ana farautarta har yanzu, bisa ƙa'ida. An sha rufe kakar farautarta baki ɗaya, kamar a farkon shekarun 1960, sauran shekarun kuma ɗaya ko biyu ake yarje wa mutum a yini. Mafarauci a Amurka sai ya sayi tambarin agwagwa na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 1934 kan dala ɗaya, kuma kusan duk kuɗin wajen sayen fadamu yake tafiya. An hana harsashin dalma a farautar tsuntsayen ruwa a Amurka a 1991, a Kanada a 1999. Wannan ya shafi masu nutso kai tsaye, don su ke tsince ƙwayoyin dalmar daga laka, ƙundu ya niƙa su, guba ta bi jini.

Tana zuwa Afirka? Akwai danginta a wajenmu?

Ba ta zuwa. Jefi-jefi dai wata kan ɓace hanya ta faɗa wurare irin Birtaniya ko Japan. Amma tana da dangi da ke sauka yankin Sahel daga Turai da Asiya lokacin hunturu, musamman Aythya nyroca, wata ƙaramar mai nutso ja mai duhu wadda toronta ke da farin ido, da ake gani a yankin tafkin Chadi da fadamun kogin Neja a Mali da na Hadejiya da Nguru. Kirinjijiya da dinya da muka sani ba danginta na kusa ba ne. Agwagwar gida mai jan fuska da ake kiwo a garuruwanmu kuwa asalinta daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, amma ita ma jinsinta daban.

A cikin duk matsalolin nan, wacce ta fi girma?

A ganina yashe kududdufai ne, ba bindiga ba. Farauta ana iya rufe ta da sanarwa ɗaya, kuma an sha yin haka. Kududdufin da aka zurare ruwansa aka shuka alkama ko masara kuwa da wuya ya dawo. Iowa ta rasa kusan kashi 90 cikin ɗari na fadamunta, Dakota ta Arewa wajen rabi, kuma a filayen Kanada har yanzu ana yi. Manomi na da hujjarsa: ramin ruwa a tsakiyar gona yana hana manyan injuna tafiya a miƙe. Shi ya sa ƙungiyoyi irin Ducks Unlimited, da aka kafa a 1937, da shirin haɗin gwiwar Amurka da Kanada na 1986 wanda Meziko ta shiga a 1994, suka fi ba da ƙarfi wajen biyan mai gona don ya bar ruwan a inda yake.

Na biyu shi ne tsabtar ruwan zango da na masaukin sanyi, kamar yadda labarin Chesapeake ya nuna. A tafkunan cikin ƙasa akwai ƙarin ɓarna daga wani kifi da aka shigo da shi daga Turai, Cyprinus carpio, mai tumɓuke ciyawa yana dama laka. A fadamar Delta har shingen ƙarfe aka kafa a mashigan ruwa don a hana manyansa shiga lokacin bazara. Ɗumamar yanayi kuma na barazanar ƙara tsawon fari a yankin kududdufan, inda yawancin matan ke komawa duk shekara.